Wasiyyar Rufin Kwano

Levenshulme, Manchester

Zuwa ga Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara, da fatan ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Mu ma lafiya lau, alhamdulillahi. Na fita takaba satin da ya wuce. Na san kin damu da yadda muryata take a waya tun rasuwar Baban Na'ima, shi ya sa na ce bari in rubuto, don a waya kuka yake hana ni ƙarasa magana.

Yaya, bayan rashin, akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Kin san Na'ima tana Handsworth a Birmingham, kuma 'yarta Inaya tana zuwa Islamiyya a masallacin mutanenmu na can. Rufin masallacin na kwano ne, ya gangaro daidai kan ƙofar mata da yara. Ke ba ki taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Tana sauka kamar auduga, amma in ta taru nauyinta kamar jiƙaƙƙen yashi ne. Ɗumin cikin gini yana narkar da ta ƙasa, kwano kuma ga santsi, sai duk ta zamo lokaci guda. Bara muna can ziyara aka yi haka. Inaya ta gama sa takalmi ke nan ta matsa, sai ji muka yi rim, ƙanƙarar ta zubo daidai inda yarinyar ta tashi. Marigayi bai ci abinci ba ranar.

Da yake aikin rufi ne sana'arsa, ya ce akwai sandunan ƙarfe da ake jerawa a gefen rufi, a ɗaure su a jikin haƙarƙarin kwanon ba tare da an huda shi ba. Su suke riƙe ƙanƙarar har ta narke a hankali. Ya yi wa kwamitin masallacin magana, suka ce ai ba kullum ake yin ta a Birmingham ba, a bari tukuna. Daga nan ciwo ya kwantar da shi. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce kada in bari wani sanyin ya zo ba a sa ba. Na ce to, alhali ban san ta inda zan fara ba. Ni da ko gaban maza ban iya magana ba, ga takaba ta zo ta zaunar da ni.

Allah da ikonsa, ranar da mutanen Birmingham suka zo ta'aziyya, shugabansu Alhaji Bara'u ya tambaya ko marigayi ya bar wasiyya. Ina bayan labule na ce e, ya bar maganar rufin ƙofar mata. Alhajin ya ce sun ji, kuma ta koma wuyansu. Sai dai aka yi ta jira, yau a ce mai aiki bai samu zuwa ba, gobe a ce iska ta hana hawa sama. Kullum ina leƙa taga ina duban gari. Na ce wa Na'ima ta daina kai yarinyar, ta ce to sauran 'ya'yan mutane fa? Davou, abokin aikin marigayi, mutumin Jos, shi ya riƙa tuƙi daga nan yana tsaya musu a kai, har aka gama. Allah Ya saka masa.

Na'ima ta turo mini hoto, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ana gobe zan fita takaba ƙanƙarar ta sauko sosai. Fitata ta farko, jirgin ƙasa na hau zuwa Birmingham. Na isa ana tashin yara. Na ɗaga kai, ga ta nan jibge a kan rufin, fara fat, ta zo bakin sandunan ta tsaya. Yara suna ta fitowa ta ƙarƙashi suna neman takalma suna faɗa da juna, ko sama ba wanda ya kalla. Inaya tana ja mini hijabi wai in matsa ruwa na ɗigo mini. Na ƙi matsawa. Ɗigo ɗai-ɗai ne, Yaya, shi ke nan abin da yake saukowa. Na tsaya a wurin na yi kukana, na ce wa marigayi a zuciyata an sa.

Tun ranar nake barci sosai. Kewa tana nan, amma na sauke abin da ya ɗora mini. Ki ci gaba da sa shi a addu'a.

Ki gaida Malam, da Ashafa da amaryarsa, da Inna Raki, ki ce mata yajin ya iso. Na'ima da Inaya suna gaishe ki.

Ƙanwarki,
Ruƙayya