Gwangwanin Sukarin Baba Sidi

Zuwa ga Mai Girma Direktan kamfaninmu na sufuri, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Zainabu, mai sayar da tike a gishe, wato tagar tike, a tasharmu ta Agadas. Sau biyu na rubuto ta hannun shugaban tasha ban ji amsa ba, shi ya sa na fito da maganar fili.

Na farko. Kai a takarda ka san Baba Sidi, ni a gishe na san shi. Shekara goma sha tara ya yi a bayan tagar nan, kuma shi ya koya mini aiki. Dokarka ya fara karanta mini: ba a rufe gishe muddin da mutum a layi, ba a kuma mayar wa matafiyi magana. Idan kar, wato babbar motar fasinja, ya lalace a hanyar Tawa, mu za a zaga. Masu haƙar zinariya su sauko daga Tchibarakaten a gajiye su tarar babu wuri, iyayenmu ne za su sha ashar. Baba Sidi yana da tasa dabarar. Ya aje gwangwanin madara cike da ƙwayoyin sukari a ƙarƙashin taga. Duk wanda ya zage shi, sai ya jefa ɗaya a baki ya yi ta tsotsa har amsar da ta taso masa ta koma ciki. Muna yi masa tsiya, mu leƙa gwangwani mu gane ko yau an sha zagi. Abincin rana kuwa shayi ne, a tsaye.

Na biyu. Bara ƙishirwa ta kama shi, da yawan fita fitsari. Da yake babu mai karɓarsa, sai ya rage shan ruwa don kada ya bar taga. Ya nemi kwana ɗaya ya ga likita, aka ce ya bari cinkoson Sallah ya wuce. Igiyar takalmi ta ji masa ciwo a yatsa, bai ma ji ba sai da wurin ya fara wari. Ciwon sukari ne, ya daɗe yana cin sa. Aka yanke ƙafar, bai cika wata ba ya rasu. Ranar ma ba a rufe gishe ba. Ina miƙa wa wani tiken Damagaram na hango an wuce da makara.

Ban ce kai ka kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma kwana ɗaya ya roƙa.

Na uku. Yanzu ni ke kan kujerarsa, kuma na kasa jefar da gwangwanin. Har yau tsofaffin matafiya sukan duƙo su kira sunansa kafin su ga fuskata. Kwanan baya wani ya zagi mahaifiyata, sai kawai na ji zaƙi a bakina. Ban san lokacin da hannuna ya je ba. Nan na tuna ashe ni ce nake cika gwangwanin tun bayan rasuwarsa. Na je aka auna jinina. Likita ta ce sukarina ya fara hawa. Ta tambaye ni aikina, ta ce ɓacin ran da ake haɗiyewa kullum, da rashin barci da rashin cin abinci kan lokaci, duk suna tura mutum can. Ta ce ni da sauran dama. 'Ya'yana uku, ubansu ya rasu. Tsoro nake ji, Mai Girma, ba na ɓoye maka.

Ga abin da nake roƙo. A ba mu mai karɓarmu mu ci abinci mu yi sallah. A riƙa auna jinin duk mai zama a gishe. Wanda ya ce zai ga likita a bar shi ya tafi ranar. Idan kar ya makara, shugaban tasha ya fito ya yi wa mutane bayani da bakinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya tsare ka da ciwon da ba a ji sai ya yi nisa. Allah ya jiƙan Baba Sidi.

Jiya na zubar da sukarin. Hannuna yana zuwa har yanzu, ya tarar da gwangwani wayam. Wannan wasiƙar ita ce amsa ta farko da ban haɗiye ba.

Wassalam.
Zainabu, gishen Agadas.