Baba, Ranar Talata Ce Awon Ƙafarka

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya mutanen Faru, ya ruwa? Mu nan Mafara lafiya lau, sai dai yau kwananka goma sha tara rabonka da gida.

Na san wannan ba ɗabi'armu ba ce. Ni ce ɗiyar fari, ko sunana ba ka faɗi sai dai "ke", ni kuma da na ji ƙarar sandunanka a zaure sai in shige ɗaki. Da Inna na raye, ita za ta faɗa maka. To ba ta nan, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Talata za a auna maka ƙafar roba, karo na uku ke nan ana sa rana. Likita ya ce in ba ka zo ba, wani za a ba gurbinka.

Karon farko kana Bakura, kana koya wa 'yan kabu-kabu yadda ake tsai da jini da ɗankwali da ɗan icce kafin a kai mutum asibiti. Na biyu kunya ta hana ni magana, na cusa katin asibitin cikin hularka. Washegari na tsince shi cikin littafin soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, daidai shafin da na tsaya. Kwana biyu ban iya cin abinci ba don kunya, kai kuwa ka ce wa maƙwabta mantuwa ka yi.

Wace irin mantuwa, Baba? Kai da har yau kake goge takalmanka na soja duka biyu, har da na ƙafar da nakiya ta ɗauke?

Ni ke wanke bandejinka. Tun kafin ka tafi, abin da ke fita daga dungun nan ya sake launi, har ya fara wari. Kai ka koya wa rabin Maradun cewa in rauni ya yi haka a ruga asibiti, amma da an zo kan naka sai ka ce, "Soja ba ya cewa wayyo." Wallahi maganar nan ta ishe ni.

Ba hana ka taimako nake ba. Ina bayan labule ranar da matar nan ta Jangebe ta zo da kaza tana kuka, ta ce ɗaurin da ka koyar ne ya bar mata miji da rai. Na ji daɗi har na yi hawaye. Amma ni ma uba ɗaya gare ni.

Ga katin nan cikin takardar. In ka sake maido shi, zan hau babur in zo Faru, in durƙusa gaban waɗanda kake koyarwa, in kwance bandejin su gani da idonsu. Wallahi zan yi.

Allah ya ba ka lafiya, ya kare ka a hanya, ya jiƙan Inna. Amin.

Ɗiyarka da ba ka faɗin sunanta,
Hauwa'u