Fistan Ɗin Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, Inna ma da sauƙi. Kin san ni da waya, da na ɗauka sai bakina ya yi nauyi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Maganar Auta ce. Ƙaninki ya ɗora wa tsohuwar motarsa turbo, abin da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi, ya turo ta garejina ya ce in sake haɗa injin. Na ce ba da ni ba. Sai ya ce zai kai wa na bakin kasuwa, masu ɗaure kan inji da ƙarfin tuwo, ba awo ba komai. Dole na karɓa.

Kwana uku ina juya maganar fistan, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a ramukan inji. Akwai na zubi, irin wanda mota ke zuwa da shi, yana aiki shiru amma wutar turbo tana iya fasa shi. Akwai na ƙira, wanda ba ya fashewa, sai dai idan ya ji zafi yana kumbura fiye da wancan, don haka dole a bar masa sarari a raminsa. Da safe, kafin ya ɗumama, har ƙwanƙwasa yake yi kamar cokali a kofi. Na zaɓi na ƙira. Jiya na kai wa Kawu bulok ɗin, wato gangar jikin injin, ya faɗaɗa ramukan, tare da takardar awon da ta zo cikin kwalin. Kin san duk unguwa ba wanda ya kai shi a wannan aikin, kuma a hannunsa na koyi riƙe sifana.

Ban faɗa wa Inna ba. Auta ya ce mata juyen mai kawai ake yi. Yaya, ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Dogo

Yaya,

Ina sake gaishe ki, da fatan wannan ta same ku lafiya. Saƙonki ya iso, na gode.

Shekaranjiya da safe muka tayar da injin. Bugu ɗaya ya kama, ya yi luf, ko ƙyas ba ka ji. Auta da abokansa suka hau tafi, maƙwabcina mai faci ya zo ya dafa ni yana sa albarka. Ni kuwa ina tsaye da sifana a hannu, na kasa kunne. Injin sanyi ne, fistan na ƙira ne, ya kamata in ji ƙwanƙwasar nan. Shirun ne ya tsorata ni.

Na tafi shagon Kawu na tambaye shi cikin ladabi ko ya bi takardar. Ya yi dariya ya ce shekara arba'in bai taɓa barin fistan yana lilo a rami ba, ba kuma zai fara don wata takarda ba. Shi awonsa, a shafa mai, a tura da babban yatsa, fistan ya sauka a hankali. Ya ce sararin da suka rubuta abin kunya ne, wani ya gani ya ce hannunsa ya fara rawa. Laifina ne, Yaya. Da na karɓo bulok ɗin ban auna ba, don ban taɓa auna aikin Kawu ba, ina ganin rashin kunya ne.

Ga inda tsoron yake. A cikin gari motar za ta yi ta yawo lafiya. Amma a doguwar hanya, idan aka taka ta ta yi zafi sosai, fistan zai kumbura ya cije a raminsa, tayoyin su tsaya cak ana tsakiyar gudu. Kuma Auta ya riga ya yi wa Inna alkawari ran Asabar zai kawo ta wurinki a cikinta. Har ta wanke mayafinta mai ruwan toka ta goge.

Na yi masa bayani, ya ce tun muna yara ni matsoraci ne, kuma ai Kawu da bakinsa ya ce aiki ya yi. In na ɓoye makulli yana da wani. Ki kira shi, ko zai ji taki.

Naki,
Dogo

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kafin ki ji a bakin wani, lafiyata ƙalau, kafaɗa ce kawai ta ɗan bugu.

Na san kin kira shi, na kuma san abin da ya ce miki. Don haka ran Juma'a da hantsi na ce masa zan fita gwaji. Gara fistan ya cije a hannuna da ya cije Inna tana ciki. Na hau sabon titin nan na bayan masana'antu inda ba kowa, na ɗaura bel, na yi addu'a, na taka. Na je ƙarshe na dawo sau huɗu, idona a kan allurar zafi, ƙafata ta hagu a saman kuloci. A zuwa na biyar na ji ƙarfin ya ragu, sai wata ƙara kamar an ja ƙofar ƙarfe. Tayoyin baya suka ƙame, motar ta juya gefe. Na danne kuloci na raba injin da tayoyin, suka saku, na gangara cikin ciyawa na tsaya dab da sandar wuta. Na fi minti goma a zaune kafin na fito.

Da aka jawo ta gareji na buɗe injin a gaban Auta da Kawu. Fistan biyu sun kwaile, gefensu duk zane. Kawu ya ɗauki ɗaya ya shafa da babban yatsansa, ya daɗe, ya ajiye ya fita. Kwana biyu bai buɗe shago ba, ni kuma na kasa zuwa gaishe shi. Auta ya dubi kujerar gaba inda Inna za ta zauna, ya koma bayan gareji.

Inna za ta taho ran Laraba a motar haya. An ce mata wani ƙarfe ne bai iso ba, kada ki gyara mata zancen.

Na ɗauka shi ke nan, an rabu da wannan fitina. Yau da safe sai ga Auta da sabon kwalin fistan, ya ba ni haƙuri har da durƙusawa, ya ce yanzu ya yarda da ni, in auna da hannuna in haɗa masa daidai. Kwalin yana nan kan benci, ban buɗe ba. Na san zan iya, Yaya, kuma wannan karon ba abin da zai cije. Motar za ta yi duk gudun da yake so, shi ne a ciki, ba ni ba.

Ki gaishe da yara. Ki rubuto ki faɗa mini abin da zan ce masa.

Ƙaninki,
Dogo