Gindin Ginshiƙan Liftarmu da Mutumin da Ke Hawa na Biyar

Daga: Mazauniyar gida na 5B,
Benen ma'aikata, bayan tashar jirgin ƙasa.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Darakta,
Sashen Duba Lafiyar Gine-gine.

9 ga Oktoba

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUFE LIFTAR BENENMU BA TARE DA RANAR BUƊEWA BA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka.

1. Ranar 2 ga Yuni aka yi girgizar ƙasa. Benenmu bai ko tsage ba, amma hasumiyar ƙarfe da ke ɗauke da lifta a jikinsa ta nuna alama. Ginshiƙanta huɗu kowanne yana zaune kan farantin ƙarfe da aka ɗaure da notina cikin kankare. Biyu daga cikin farantan sun ɗaga, notinansu sun miƙe, simintin ƙarƙashinsu ya farfashe. Jami'anku suka sa wa liftar kwaɗo. Ban ga laifinsu ba.

2. Injiniyan kamfanin da ya gina hasumiyar ya ce lissafinsa na kwamfuta ya ɗauki gindin ginshiƙan a matsayin kafaffe, wanda ba ya motsi, kuma a haka komai lafiya. Injiniyar sashenku ta ce farantin da ya ɗaga ya riga ya ƙaryata wannan zato, domin gindin yana rangaji, kuma in ƙasa ta sake motsawa babu mai iya faɗin iyakar karkatar da hasumiyar za ta yi sai an sake lissafi. Ni malamar makaranta ce, na fahimci dukkansu. Abin da ban fahimta ba shi ne wanda zai yi sabon lissafin, don kowa ya tura ni wurin ɗan'uwansa.

3. Maigidana ya rasa ƙafafunsa biyu sanadin ciwon sukari, a keken guragu yake. Tun ranar da aka rufe liftar bai sauka ƙasa ba sai sau ɗaya, lokacin da maƙwabta suka goya shi don zuwa asibiti. Matakalar ƙunci gare ta, ga lanƙwashe-lanƙwashe. A hawa na uku ƙafar mai goyon ta zame, suka faɗi tare, kafaɗar maƙwabcin ta goce. Maigidana ya rantse ba zai ƙara karya ɗan wani ba.

4. Ranar 18 ga Yuli na nemi a sauya mana gida a hawan ƙasa. Aka amsa cewa ba a kwashe mutane sai daga ginin da aka tabbatar da haɗarinsa, namu kuwa ba a tabbatar ba. Na nemi a buɗe liftar, aka ce ba a tabbatar da lafiyarta ba. Gaba kura, baya sayaki, ranka ya daɗe.

5. A watan jiya yayansa ya rasu. Daga taga ya ga motar da ta zo ɗaukata zuwa jana'iza. Mutumin da ke cika gida da barkwanci, har yakan ce shi kaɗai ne maigidan da ba a taɓa kamawa da yawon banza ba, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba. Da na dawo daga makaranta nakan tsaya a bakin ƙofa in gyara fuskata kafin in shiga.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta da ya ambaci sunan wanda zai sake lissafin, ya sa masa wa'adi a rubuce. Kafin nan, a tokare gindin ginshiƙan, ko a ba mu ɗaki a ƙasa ko da guda ne. In duk wannan ya gagara, ina roƙon ka turo jami'i ya hau matakalar nan da ƙafarsa, ya faɗa wa maigidana da bakinsa, domin ni na gaji da ce masa gobe.

Allah ya ja zamaninka. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Malamar aji huɗu, mazauniyar gida na 5B