Ruwan Kiɗan Ƙwarya

Daren Laraba, watan Yuli

Yau mata suka fita roƙon ruwa, karo na uku. Kakarmu Iya ta sa babbar riga da hula yadda aka saba, amma bana ba wanda ya yi dariya. Muna isa kogi, wanda duk ya koma rairayi, muryarta ta dushe. Ta dafa ni. "Ke Hanne, ba kin rubuce waƙar a littafinki ba? Bayar, mu amsa."

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai! Na bayar, mata na amsawa, motocin siminti na ta wucewa kan gada. Har la'asar.

A littafin soyayyar da na aro, ana fara kuka hadari ke haɗowa. Nan ko gajimare.

Baba ya ce in Juma'a ta wuce ba ruwa, Kano za mu koma ya yi leburanci. Wallahi ba na so.

Ruwan da aka kifa ƙwaryar kiɗa a ciki wurin roƙon, Iya ta hana a zubar. Ta kai shi gona, ta raba wa gindin gero bakwai. Ta ce, "Waɗannan dai waƙarki ta shayar da su."