Lakwal a Madafar Kawu

Yamai, Afrilu 2020

Zuwa ga Inna Fadi, a Guci.

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Mas'uda ce, 'yar maƙwabcinku Zakari. Yaya Baba Labbo, da ɗanki Khalil da shanunsa?

Lafiya muke a gidan Kawu, ko da yake korona ta sa an rufe lakwal, wato makaranta, an hana fita daga Yamai. 'Yarsa Muhsina, mai shekara bakwai, irin Khalil ce: ba ta magana, ba ta son a canja mata abin da ta saba. Likita ya kira abin otizim. Kullum da safe sai ta rataya jakarta ta tsaya bakin ƙofa tana kuka, har ta daina cin abinci. Ta ɗan yakushe ni, amma wurin ya warke, kada a gaya wa mahaifiyata.

Shekaranjiya na riƙe hannunta muka zagaya tsakar gida sau uku, muka shiga madafa, na ce, "Mun iso lakwal." Ta zauna ta shanye kununta. Jiya ma haka. Kawu ya leƙo ya ce mini, kamar yadda ake ce wa malamar lakwal, "Sannu da aiki, Madam!"

Shi ne nake ta tunani: makarantar take kewa ko hanyar? Ranar da ba a fita kiwo ba, me kike yi wa Khalil? Ina tsoron ranar da za ta gane madafa ce.

Allah ya ƙara miki lafiya. In ta gane, kin yarje mini in sake rubuto miki?

'Yarki,
Mas'uda