Ban Gane Walida Ba

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran. Yaya sanyin ƙasar taku? Mu nan Malumfashi sai godiya.

Na kalli wasan da ka turo a waya, gasar ƙwallon gora kan ƙanƙara ta 'yan matan ƙasashe. Wallahi murna ta hana ni zama. Ƙanƙarar da ke farfasa mana masara, wai a kanta jikata Walida ke gudu!

Na tara maƙwabta a zaure. Maƙwabcina Malam Sule ya ce, "Alhaji, wacce ce amaryar taka, jikar nan? Duk sun rufe fuska da hular kwano." Na nuna wata mai karkata kafaɗa kamar marigayiya mahaifiyarka, na ce jinina ba ya ɓace mini. Ita na yi ta yi wa kirari har aka tashi. Da ta cire hular, sai ga Baturiya. Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su.

Bayan sun watse na zauna na yi kuka. Fuskar Walida na sani a hoto, amma ban san tafiyarta ba, don rabona da ita tun tana goye.

Kabiru, idona ya fara dushewa. Ka kawo mini ita tun ina gani.

Ka gaida uwarta da ƙannenta, ku sa mu a addu'a.

Mahaifinka,
Alhaji Lawal